Tikitin Wasa, Kuɗin Manhaja ko Sayen Faifai: Ina Ya Kamata Mai Son Waƙa Ya Sa Kuɗinsa?

A rabi na biyu na shekarar 2024, mai sauraro a Amurka yana biyan manhajar Spotify dala 11.99 a kowane wata, wato kimanin dala 144 a shekara, kuma da wannan kuɗin yana da damar sauraron waƙoƙi sama da miliyan ɗari a duk lokacin da ya so. A wannan shekarar dai, mujallar Pollstar, wadda ke bibiyar cinikin wasannin mawaƙa, ta ƙiyasta cewa matsakaicin farashin tikiti ɗaya a rangadin wasanni ɗari mafi kawo kuɗi a duniya ya kai kimanin dala 136. Dare ɗaya a gaban dandamali ya kusa cinye abin da mutum zai biya ya saurari waƙa shekara guda cur, tun kafin a lissafa kuɗin mota da na masauki. Duk mai son waƙa da aljihunsa ke da iyaka yana fuskantar zaɓi a tsakanin hanyoyi uku: ya tara kuɗi ya sayi tikiti, ya ci gaba da biyan kuɗin manhaja wata-wata, ko ya sayi waƙar ta zama tasa, a faifai ko ta hanyar saukewa daga intanet. Ma'auni biyu zan yi amfani da su wajen kwatanta hanyoyin nan, wato abin da mai biyan kuɗin zai samu, da kuma abin da zai isa hannun mawaƙin da ake ƙauna.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma tsadar tikiti tana da tushe a abin da ya faru da cinikin faifai. A shekarar 1999, kasuwar waƙoƙin da aka naɗa ta kai ƙololuwarta, inda a Amurka kaɗai cinikin ya kai dala biliyan 14.6, mafi yawansa daga faifan CD. A tsakiyar wannan shekarar ne manhajar Napster ta bayyana, ta buɗe wa jama'a ƙofar musayar waƙoƙi kyauta, kuma ko da yake kotu ta tilasta rufe ta a 2001, satar fasaha ta riga ta samu gindin zama. Shagon iTunes da kamfanin Apple ya buɗe a 2003 ya fara sayar da waƙa ɗaya a kan senti 99, abin da ya halatta saukewa amma ya wargaza al'adar sayen kundi sukutum, domin wanda a da yake biyan kuɗin waƙoƙi goma sha biyu saboda guda biyun da yake so, yanzu biyun kawai yake saya. Zuwa 2014 cinikin a Amurka ya faɗo zuwa kusan dala biliyan 7, ƙasa da rabin abin da yake a da.

Kafin wannan faɗuwar, mawaƙi yana fita rangadi ne domin ya tallata sabon faifansa, saboda haka yana da dalilin rage farashin tikiti: kowane mutum da ya shiga zaure ya ji daɗi, gobe zai nufi shago ya sayi faifai. Masanin tattalin arziki Alan Krueger na Jami'ar Princeton ya bayyana cewa da zarar faifai ya daina kawo kuɗi, wannan dalilin ya kau, sai mawaƙa suka fara sayar da tikiti a kan abin da kasuwa za ta iya ɗauka. Ya jingina bayanin nasa da hasashen mawaƙi David Bowie, wanda tun a 2002 ya faɗa cewa waƙa za ta zama kamar ruwan famfo ko wutar lantarki, ya kuma shawarci mawaƙa su shirya wa yawan rangadi. Alƙaluma sun gaskata shi. A 1996 matsakaicin tikitin manyan wasanni a Arewacin Amurka kimanin dala 26 ne. Da hauhawar farashi kaɗai ke aiki, da a 2024 bai wuce dala 52 ba sosai, amma sai ga shi ya ninka fiye da sau biyar.

Bari mu fara da kuɗin manhaja, tunda shi ne mafi yawan mutane suke biya. Ta fuskar mai sauraro, babu wata hanya da ta kama ƙafarsa wajen araha. Spotify ta fara aiki a Suwidin da wasu ƙasashen Turai a 2008, ta shiga Amurka a 2011 a kan dala 9.99 a wata, kuma farashin bai motsa ba har tsakiyar 2023, shekara goma sha biyu ke nan ana biyan kuɗi ɗaya alhali komai yana ƙara tsada. Wannan tsarin ne ya farfaɗo da masana'antar: ƙungiyar IFPI ta kamfanonin faifai ta ce cinikin duniya ya kai dala biliyan 29.6 a 2024, kusan kashi 69 cikin ɗari daga sauraro ta intanet, kuma masu biyan kuɗin wata-wata sun haura miliyan 750. Wanda yake son ya gano sababbin mawaƙa, ko ya bi tarihin wani salon kiɗa daga farkonsa, ba shi da abin da ya fi wannan, kuma ban ga dalilin da zai sa a raina amfaninsa ba.

Matsalar tana wajen rabon kuɗin, kuma a nan ne mutane da yawa suke yi wa tsarin gurguwar fahimta. Mai sauraro yana zaton cewa idan ya kwashe wata guda yana sauraron mawaƙi ɗaya, kuɗinsa na wannan watan zai tafi ga wannan mawaƙin. Ba haka manyan manhajoji suke yi ba. Suna tara kuɗin dukan masu biya a ƙasa guda wuri ɗaya, su cire nasu kason, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku, sannan su raba ragowar bisa ga yawan sauraron da kowace waƙa ta samu a cikin jimillar sauraron watan. Idan wani tauraro ya samu kashi biyu cikin ɗari na dukan sauraro, zai karɓi kashi biyu cikin ɗari na kuɗin kowa, har da na wanda bai taɓa kunna waƙarsa ba. Idan aka daidaita lissafi, abin da sauraro ɗaya yake kawowa a Spotify yakan tsaya tsakanin dala 0.003 da 0.005, kuma sai waƙa ta yi daƙiƙa talatin tana kaɗawa kafin a ƙirga ta. Daga 2024 kamfanin ya ƙara wani sharaɗi, cewa waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata goma sha biyu ba, ba za a biya ta komai na haƙƙin naɗi ba.

Wannan ɗan kuɗin ma ba kai tsaye yake zuwa wa mawaƙi ba. Yana fara shiga hannun wanda ya mallaki naɗin, galibi ɗaya daga cikin manyan kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, kuma kamfanin yana cire kuɗin kafin alƙalami da ya ba mawaƙi da kuɗin da ya kashe wajen naɗi da talla kafin ya fara biyansa kasonsa, wanda a tsofaffin kwantiragi yawanci bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Marubutan waƙa da masu tsara kiɗa suna karɓar abin da bai kai haka ba. Wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya da ya binciki lamarin ya fitar da rahoto a watan Yulin 2021 yana neman a sake wa tsarin fasali daga tushe. An yi gwaje-gwajen gyara, kamar na manhajar SoundCloud da ta fara a 2021 tura kuɗin kowane mai sauraro ga waɗanda ya saurara a zahiri, amma wannan bai zama dokar kasuwa ba. Akwai kuma wani abu da ya shafi mai sauraro shi kansa, wato cewa haya yake yi, ba mallaka ba. Ranar da ya daina biya, ko aka samu saɓani tsakanin mawaƙi da kamfani, waƙar za ta ɓace daga wayarsa. Taylor Swift ta janye waƙoƙinta daga Spotify daga 2014 zuwa 2017, Neil Young ya janye nasa daga 2022 zuwa 2024, kuma babu abin da masu biyan kuɗi suka iya yi a kai.

Tikitin babban wasa kishiyar wannan ne ta kowace fuska. Abin da yake bayarwa ba ya kwafuwa: muryar mawaƙi a lokacin da take fita, dubban mutane suna amshi tare, da sanin cewa wannan daren ba zai maimaitu ba. Ina ganin duk wanda ya ce ɓarnar kuɗi ce zalla bai yi wa lamarin adalci ba. Wani ɓangare na tsadar ma yana da hujja. Tun a shekarun 1960 masanin tattalin arziki William Baumol ya nuna cewa wasan kai tsaye ba ya cin gajiyar ci gaban fasaha yadda masana'antu ke ci, domin kiɗan da makaɗa huɗu suke yi a minti arba'in shekara ɗari biyu da suka wuce, yau ma makaɗa huɗu ne za su yi shi a minti arba'in, alhali albashin kowa ya tashi. Ƙari a kan haka, bayan annobar korona kuɗin man fetur da hayar manyan motoci da inshora da albashin masu haɗa sauti da haske duk sun hau, kuma jama'a sun saba da manyan allunan bidiyo da dandamali masu motsi waɗanda sai an yi jerin gwanon tireloli kafin a kwashe su daga birni zuwa birni.

Sai dai hujjar ba ta rufe dukan farashin ba. Ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka ya gano a 2018 cewa la'ada da kuɗin hidima da ake ɗorawa a kan tikiti sun kai matsakaicin kashi 27 cikin ɗari na ainihin farashinsa. Kamfanin Live Nation, wanda ya fi kowa shirya wasanni a duniya, ya haɗe da kamfanin sayar da tikiti na Ticketmaster a 2010, ta yadda hannu ɗaya ne yake shirya wasa, yake riƙe da zauruka masu yawa, kuma yake sayar da tikitin. Ƙorafi a kan haka tsoho ne, domin ƙungiyar mawaƙa ta Pearl Jam ta kai ƙarar Ticketmaster gaban hukuma tun 1994. Bayan rikicewar sayar da tikitin Taylor Swift a watan Nuwamban 2022, majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kan batun a Janairun 2023, sannan ma'aikatar shari'a tare da jihohi da dama suka maka kamfanin a kotu a watan Mayun 2024 bisa zargin babakere. Akwai kuma farashi mai hawa gwargwadon rububi: a 2022 wasu kujerun wasan Bruce Springsteen sun haura dala 4,000, kuma a watan Agustan 2024 masoya ƙungiyar mawaƙa ta Oasis da suka shafe sa'o'i a layin intanet sun tarar da tikitin tsayuwa da aka tallata a kan kusan fam 150 ya koma sama da fam 350, lamarin da ya sa hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike.

Ya kamata mai saye ya san cewa mawaƙi yana da baki a farashin tikitinsa, musamman idan babba ne. Robert Smith na ƙungiyar The Cure ya tabbatar da haka a 2023, lokacin da ya ƙi amincewa da farashi mai hawa, ya sa tikiti mafi araha a kan dala 20, ya hana sake sayarwa da riba a inda doka ta ba shi dama, ya kuma matsa wa Ticketmaster lamba har ta mayar wa masu saye dala 5 ko 10 daga la'adar da ta karɓa. Saboda haka idan tikiti ya yi tsadar da ta wuce hankali, ba kullum ne laifin yake ga dillali shi kaɗai ba.

Mafi munin ciniki a wannan fagen shi ne sayen tikiti daga hannun 'yan sari a kasuwar bayan fage. Suna amfani da manhajojin kwamfuta su wawure kujeru cikin daƙiƙoƙi, duk da cewa Amurka ta haramta hakan da doka tun 2016, sannan su sayar a kan ninki biyu ko biyar. Ko sisin kwabo daga wannan ƙarin ba ya zuwa ga mawaƙi ko makaɗansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙasar Ayalan ta hana sayar da irin waɗannan tikitoci sama da farashinsu na asali a 2021, amma a wurare da yawa har yanzu kasuwar a buɗe take, kuma mai saye yana cikin haɗarin karɓar tikitin jabu.

Akwai wani zato da nake son mai karatu ya yi hattara da shi, wato cewa tunda sauraro ta intanet ba ya biyan mawaƙa da kyau, to kowane tikiti taimako ne gare su. Kuɗin wasanni a saman tsani yake taruwa. Rangadin Taylor Swift na 2023 zuwa 2024, mai wasanni 149, ya kawo sama da dala biliyan 2, abin da ba a taɓa gani ba. A daidai wannan zamanin, a 2022, Santigold ta soke rangadinta na Arewacin Amurka, ƙungiyar Animal Collective ta soke nata na Turai, Little Simz ta ɗage nata na Amurka, kuma dukansu sun bayyana cewa lissafin kuɗi ne bai fita ba. Waɗannan sanannun mawaƙa ne masu ɗimbin masoya, amma bayan an cire kuɗin tafiya da masauki da albashin ma'aikata da kason manaja da na wakili, abin da ya rage asara ce. Wasu zaurukan ma suna karɓar kashi 20 cikin ɗari ko fiye daga cinikin riguna da faya-fayan da mawaƙi ya sayar a bakin ƙofa. A Birtaniya, ƙungiyar Music Venue Trust ta ce ƙananan zauruka 125 ne suka rufe ko suka daina shirya wasa a 2023 kaɗai, shekarar da manyan filaye suke cika maƙil. A irin waɗannan zaurukan ne kusan kowane tauraro ya fara koyon tsayuwa a gaban jama'a, kuma mutumin da ya zuba dukan kuɗin waƙarsa na shekara a dare ɗaya a filin ƙwallo, ya rasa na shiga wasanni biyar ko shida a ƙaramin zaure inda kowane tikiti yake iya zama bambanci tsakanin riba da faɗuwa.

Hanya ta uku, sayen waƙa ta zama mallakarka, ita ce aka fi mantawa da ita, kuma a ganina ita ce kuɗin mai sauraro ya fi nauyi a cikinta. Shafin Bandcamp, wanda aka kafa a 2008, yana karɓar kashi 15 cikin ɗari daga waƙar da aka sauke da kashi 10 daga kayan hannu irin su faifai da riga, kuma bayan an cire kuɗin hada-hadar banki, kimanin kashi 82 cikin ɗari ne yake isa ga mawaƙi ko ƙaramin kamfaninsa. Tun daga watan Maris na 2020 shafin yana ware wasu ranakun Juma'a da yake yafe kasonsa gaba ɗaya. Lissafin mai sauƙi ne: kundin dala 10 yana bar wa mawaƙi kimanin dala 8, kuma kafin ya samu wannan kuɗin a kan dala 0.004 kowane sauraro, sai an kunna waƙoƙinsa sau 2,000. Idan kundin yana da waƙa goma, mutum ɗaya zai saurare shi daga farko zuwa ƙarshe sau ɗari biyu ke nan, abin da kaɗan ne daga cikinmu suke yi ko da ga kundin da suka fi ƙauna. Mai saye kuma ya samu abin da babu wanda zai ƙwace masa, da sauti mai inganci, kuma ba ya bukatar intanet kafin ya saurara.

Wannan hanyar tana da nata sharuɗɗan. Amfaninta ga mawaƙi ya dogara ne da wanda ya mallaki naɗin: idan mawaƙin mai zaman kansa ne, kuɗin nasa ne, idan yana ƙarƙashin babban kamfani kuma aka sayi faifan a kanti, mai kanti da mai rarrabawa da kamfani za su ci nasu kafin a zo kansa. Faifan garmaho ya dawo da ƙarfi, har a 2022 ya zarce CD a yawan faya-fayan da aka sayar a Amurka karo na farko tun 1987, da faifai miliyan 41 a kan miliyan 33. Amma sabon faifan garmaho yakan kai dala 25 zuwa 40, yana bukatar na'ura da wurin ajiya da kulawa, kuma wasu manyan mawaƙa suna fitar da kundi ɗaya a launuka daban-daban domin masoyi ya saya sau uku ko huɗu, wanda ba shi da bambanci da tsadar tikiti ta fuskar aljihu. Ga wanda sauraro ne burinsa ba ado ba, faifan CD ko waƙar da aka sauke sun fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Shawarar da zan bayar ta bambanta gwargwadon halin mai sauraro. Wanda waƙa take raka shi ne kawai a wurin aiki ko a hanya, ba tare da wani mawaƙi na musamman a zuciyarsa ba, manhaja ɗaya ta ishe shi, kuma biyan biyu asara ce tunda kusan waƙoƙi iri ɗaya ne a cikinsu. Tsarin iyali ko na ɗalibai yana ƙara rage kuɗin. Wanda yake da mawaƙa uku ko huɗu da yake komawa gare su kullum, musamman idan ba taurari ba ne, ya riƙe manhajar domin neman sababbi, amma ya sayi kundin waɗannan mawaƙan kai tsaye daga shafinsu ko daga teburin da suke kafawa a wurin wasa, ya kuma halarci wasansu idan sun zo ƙaramin zaure. Da kuɗin matsakaicin tikitin babban wasa guda, zai iya sayen kundi shida ko bakwai ya kuma shiga ƙananan wasanni biyu ko uku, kuma kaso mai tsoka na wannan kuɗin zai sauka a hannun mutanen da suka yi aikin.

Babban wasa kuwa ya cancanci kuɗinsa idan mawaƙin shi ne wanda mutum ya daɗe yana burin gani, ko kuwa akwai alamar ba zai sake fita rangadi ba. A wannan halin ya kamata mai saye ya yanke iyakar abin da zai biya kafin ya shiga layi, domin agogon da ke ƙirga daƙiƙoƙi a shafin sayarwa yana sa mutum ya amince da farashin da ba zai karɓa ba idan hankalinsa a kwance yake. Ya duba jimillar kuɗin tare da la'ada, wanda a Amurka doka ta wajabta nunawa tun farko daga watan Mayun 2025, ya kuma haɗa da kuɗin tafiya da masauki. Idan tikiti ya ƙare a hannun farko, ya nemi dandalin musaya da ke sayarwa a kan farashin asali, ya kuma sake leƙa shafin sayarwa idan ranar wasa ta matso, domin masu shirya wasa sukan saki ƙarin kujeru bayan an kafa dandamali an ga wuraren da suka rage.